Zumunta a Ƙafa Take: Ciyar da Tsofaffin da Ba Sa Iya Fita da Yara Mabukata

Darasi domin nazarin iyali

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7 da 1 Timoti 5:3-16
Ayar haddacewa: Yakubu 1:27
Manufa: Mu gane cewa waɗanda yunwa ta fi matsa wa a cikinmu su ne waɗanda ba sa iya zuwa wurin rabo, mu kuma koyi yadda iyali da ikkilisiya za su kai musu abinci har ƙofa, a kai a kai.

Gabatarwa

A wata Kirsimeti da ta wuce, majami'armu a nan Jos ta yi rabon abinci ga gwauraye da marayu. An sayi shinkafa da man gyaɗa da atamfa, aka yi sanarwa Lahadi biyu a jere cewa duk mai bukata ya zo ranar Asabar. Jama'a suka cika harabar majami'a, aka yi addu'a, aka raba, muka watse da farin ciki cewa mun sauke nauyi.

Bayan mako uku, ni da wani dattijon ikkilisiya muka hau dutse domin mu gai da wata tsohuwa wadda muka daɗe ba mu gani a sujada ba. Ta yi shekaru masu yawa tana jan waƙa a Zumuntar Mata kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Jikoki biyu ne a hannunta, ubansu ya rasu. Da muka gaisa, dattijon ya ce, "Mama, ina fata rabonki na Kirsimeti ya iso." Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, labari ya iso. Amma ina ƙafar da za ta kai ni?" Murhunta a sanyaye yake. Abin da suka ci a ranar ragowar gwate ne da wata maƙwabciya ta kawo, ita kuwa maƙwabciyar ba 'yar majami'armu ba ce.

Mun sauko daga dutsen nan ba mai ce wa wani ƙala. Ba wanda ya ƙi ta, ba wanda ya hana ta. Mun dai shirya rabonmu domin masu ƙafa, muka manta da wadda ta rasa tata. Wannan darasi daga kunyar ranar ya fito.

1. Abin da ya faru a Urushalima

Ikkilisiya ta fari ta yi irin wannan kuskure. Luka ya faɗa mana cewa a lokacin da masu bi suke ƙaruwa a Urushalima, ana rabon abinci kowace rana ga gwauraye. Amma akwai Yahudawa iri biyu a cikin taron: 'yan ƙasa masu yaren gida, da waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suna jin Helenanci. Sai na biyun suka kawo kuka cewa ana tsallake gwaurayensu.

Mu lura da abu huɗu a cikin labarin.

Na ɗaya, Luka bai ce abinci ya ƙare ba. Abinci yana nan, masu rabo ne idonsu bai kai ga wasu ba. Mai rabo yakan fara da wanda ya sani, wanda suke yare ɗaya, wanda ya san gidansa. Baƙuwa kuwa, wadda ba ta da ɗan'uwa a cikin shugabanni, sai ta sha ƙasa ba tare da kowa ya yi nufin mugunta ba.

Na biyu, manzanni ba su tsawata wa masu kuka ba, ba su kuma ce maganar ciki ƙaramar magana ce ba. Sun tara dukan masu bi a kanta.

Na uku, sun ba aikin tsari. Aka zaɓi mutum bakwai waɗanda jama'a ta shaida halinsu, masu hankali, waɗanda Ruhu Mai Tsarki yake bi da su, aka ɗibiya musu hannu. Dukansu bakwai sunayen Helenanci suke da su, kamar Istifanas da Filibus da Nikolas mutumin Antakiya. Masana da yawa suna ganin wannan alama ce cewa daga ɓangaren da aka tsallake aka zaɓe su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu, rabon kullum ne. Cikin gwauruwa ba ya jiran ranar idi.

Luka ya rufe labarin da cewa Maganar Allah ta ci gaba da yaɗuwa. Gyaran rabon abinci bai rage wa'azi ba, ya ƙara masa ƙarfi.

2. Me ya sa darasin ya shafe mu a Jos?

Jos ta yi kama da Urushalima ta wannan fuska. A majami'a ɗaya za ka sami Berom da Afizere da Anaguta da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe da Ron, ga sujadar Hausa, ga ta Turanci. Haƙar kuza ce ta fara tara baƙi a garin, daga baya aikin gwamnati da kasuwanci da makarantu suka ƙara. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu sun tsufa a nan, nesa da dangi da gona. Manomi da leburan kuza da mai sayar da tumatir a Farin Gada ba su da fansho. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ranar ce kuɗin shiga yake ƙarewa.

Sai kuma tashe-tashen hankula. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun bar gwauraye da marayu, sun kuma raba unguwanni bisa ga addini, har tsofaffi da yawa suka rabu da maƙwabtan da suka yi shekaru suna musayar kwano da su. Gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 ta karya jarin iyalai masu yawa. A 2014 mutane suka kwararo daga Borno da Adamawa suna gudun Boko Haram, har ikkilisiyar EYN ta mai da hedkwatarta Jos na ɗan lokaci. Hare-haren Mangu a 2023 da na jajibirin Kirsimeti a Bokkos da Barkin Ladi a wannan shekarar sun kori manoma daga gonakinsu, a yankin da yake ciyar da ƙasa da dankalin turawa. Duk lokacin da haka ta faru, kakanni ne suke gadon jikoki.

Ga kuma tsadar rayuwa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kome ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, aka dakatar da shi a Janairu 2024. Ko a lokacin da yake aiki, bai kai ga yaron da ba ya zuwa makaranta ba, balle ƙaninsa da ke goye.

A ƙara da yanayin garinmu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa yana shiga ƙashin tsoho. Gidaje da yawa a unguwanni irin su Jenta da Kabong da Tudun Wada suna cikin duwatsu, inda keke ba ya kaiwa ƙofa. Mai ciwon gwiwa ko mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ido ya mutu masa, a irin wannan wuri ɗaurarre ne ko da ƙofarsa a buɗe take.

Tsohon da ba ya fita da ƙaramin yaro sun yi tarayya a abu ɗaya: ba sa bin layi, ba sa rubuta takardar neman taimako, ba sa tsayawa a gaban majalisar dattawa su kawo kuka. In ba a je an same su ba, ba za a san halinsu ba.

3. Alhakin farko yana kan iyali

Kafin mu ɗora wa ikkilisiya kaya, bari mu dubi gidajenmu. A 1 Timoti 5, Manzo Bulus ya koyar cewa gwauruwar da take da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, domin ta haka suke rama alherin da iyaye suka yi musu, ikkilisiya kuma ta sami sararin kula da waɗanda ba su da kowa. Ya yi magana mai zafi a kan mai bin da ya ƙi kula da danginsa, har ya sa shi ƙasa da marar bi. A Markus 7 Ubangiji Yesu ya tsawata wa masu fakewa da keɓe dukiya ga Allah domin su guje wa taimakon iyayensu.

Ya ku 'ya'ya da ke aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje, kuɗin da kuke aikowa ta waya abin godiya ne, amma ku tambayi kanku: wa yake zuwa kasuwa da shi? Wa yake ɗebo ruwa, wa yake hura wuta? Akwai tsofaffin da suke da kuɗi a asusu amma suna kwana da yunwa, domin hannu yana rawa, ido ba ya gani. In ba za ka iya zuwa ba, ka nemi amintaccen mutum a unguwa, ka sanar da faston wurin, ka riƙa kiran mahaifiyarka kana tambayar abin da ta ci yau. Wanda ya ba da babban alkawari a ranar ƙaddamar da ginin majami'a alhali tukunyar uwarsa a kife take, ya sake karanta Markus 7.

Amma akwai waɗanda 'ya'yansu suka riga su mutuwa, da waɗanda ba su haihu ba, da waɗanda 'ya'yan nasu su ma a sansanin gudun hijira suke. Waɗannan na ikkilisiya ne gaba ɗaya.

4. Waɗanda suka riga mu a wannan hanya

Tun a Tsohon Alkawari Allah ya sa rabon matalauci a cikin doka. Littafin Firistoci 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ko bin kala, domin a bar wa matalauci da baƙo. Da wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta Na'omi, tsohuwar da ta zauna a gida. Rut ita ce ƙafar Na'omi. Maimaitawar Shari'a 14 kuma ta umarta a tara zakkar shekara ta uku a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa.

Masu bi na farko sun riƙe wannan. Wajen shekara ta 150, Yustinus Shahidi ya bayyana yadda ake tara baiko ran Lahadi a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya, da yadda dikinoni suke kai jibin Ubangiji ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Wajen shekara ta 251, ikkilisiyar Roma tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. A shekara ta 362 Sarki Yuliyanus na Roma, wanda ya juya wa bangaskiya baya, ya yi gunaguni cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka.

A 1833 wani ɗalibi a Faris, Frederic Ozanam, da abokansa suka kafa ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda ginshiƙin aikinta shi ne ziyartar matalauta a gidajensu. 'Yan'uwanmu Katolika a Nijeriya suna da rassanta a majami'unsu. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mata 'yan sa-kai suka fara kai dafaffen abinci ga waɗanda ba sa iya girki, aikin da aka san shi da suna Meals on Wheels, wato abinci a kan ƙafafun mota. Ya isa birnin Filadelfiya na Amurka a 1954.

Misalin da ya fi kusa da ƙarfinmu daga Indiya yake. A jihar Mizoram, tun wajen 1910, matan ikkilisiya sukan ɗebi shinkafa cikin tafin hannu ɗaya su ajiye gefe duk lokacin da za su ɗora tukunya. Ana tara ta a kai majami'a domin aikin Ubangiji. Matan da suka fara wannan matalauta ne, amma al'adar ta wuce shekara ɗari.

A nan Jos ma muna da shaidu. Gidan Bege, ƙarƙashin hidimar City Ministries mai alaƙa da ECWA da SIM, ya buɗe ƙofa ga yaran da suke kwana a titi, ya ba su abinci da makwanci da karatu, ya kuma kafa cibiyar reno a ƙauyen Gyero. Mama Gloria Kwashi da maigidanta Benjamin Kwashi, wanda ya zama Bishop na Anglican a Jos a 1992, sun ɗauki marayu da dama a cikin gidansu, ta kuma kafa makarantar Zambiri domin yara marasa galihu su sami karatu da abinci kyauta. Gidauniyar Stefanos ta yi ta kai kayan abinci ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Zumuntar Mata kuwa, a COCIN da ECWA da sauran ikkilisiyoyi, ta daɗe tana ɗaukar itace da hatsi zuwa gidan mai jego da gidan makoki.

Sai dai mu lura: yara ana iya tara su a makaranta ko gidan reno a ciyar da su gaba ɗaya. Tsohon da ya kwanta ba ya taruwa. Sai an bi shi ɗaki ɗaki, wannan kuwa aiki ne da babbar ƙungiya ba za ta iya yi kamar maƙwabci ba.

5. Yadda za a tsara aikin

Kirki ba tare da tsari ba yakan ƙare a watan farko. Ga matakan da kowace majami'a za ta iya ɗauka.

A fara da sunaye. Shugabannin addu'ar unguwa da na Zumuntar Mata su zauna su tambayi juna: wa muka daina gani a sujada? Wace kaka ce take riƙon jikoki? Wane yaro ne yake barci a Makarantar Lahadi ko yake yawan rashin lafiya? A bi gida gida a tabbatar. A sa mutanen kowane yare a cikin masu binciken, har da baƙin da suka yi gudun hijira, domin kada kuskuren Urushalima ya maimaitu.

A zaɓi amintattu. Mutum biyu su riƙe makullin ɗakin ajiya, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa ikkilisiya lissafi kowane wata uku. Ba abin da yake kashe hannun bayarwa kamar jita-jitar cewa buhu ya yi ƙafa.

A tara kaɗan kaɗan. Kowane gida ya ajiye kwano kusa da murhu, a zuba tafi ɗaya na masara ko shinkafa ko wake ko acha kafin a ɗora tukunya. A ɗauka majami'a tana da gidaje 100, kowanne ya kawo mudu ɗaya a wata: mudu 100 ke nan ba tare da an taɓa asusun ikkilisiya ba. Manoma su ware kunya ɗaya ko biyu a gona, masu lambu a bakin tsoffin ramukan kuza su tuna da kabeji da karas. A sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a adana domin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu yake yin ƙasa, kasuwa kuma ta yi tsada. Yawancin kyautarmu a Disamba take taruwa, alhali yunwa ta fi tsanani a tsakiyar damina.

A bambanta masu bukata. Wadda take iya girki a kai mata ɗanyen abinci da gawayi. Wanda ba ya iyawa a kai masa dafaffe. Buhun shinkafa a ɗakin makahon da ba shi da mai dafa masa abincin ɓeraye ne.

A raba kwanaki. Gidaje bakwai za su iya ɗaukar tsoho ɗaya, kowane gida rana ɗaya a mako, su ƙara hannu a tukunyar da za su dafa ko ta yaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa da 'yan Boys' Brigade da Girls' Brigade su zama ƙafa, su je bibbiyu, da rana. A gidan da akwai yara, kada baligi ya keɓe da yaro shi kaɗai, domin kare yaron da kuma kare sunan mai hidima.

A zauna. Mai kai abinci kada ya miƙa kwano daga bakin ƙofa ya juya. Ya shiga, ya gaisa, ya duba ko akwai ruwa a randa da bargo a gado, ko abincin jiya yana nan ba a taɓa ba. Kaɗaici yana kashe sha'awar abinci, tsofaffi da yawa kuwa sukan ci sosai in akwai mai hira a gefe. Mai kai abinci ne sau da yawa yake fara gane cewa Baba ya faɗi ko maganinsa ya ƙare.

6. Abincin da ya dace

Ga tsofaffi, abinci ya zama mai laushi saboda haƙora: gwate, faten dankali, tuwon acha da miyar kuka ko karkashi, wake da ya nuna lugub, kunun gyaɗa ko na tamba. A tambaya ko akwai hawan jini, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Mai ciwon sukari kada a sa masa sukari a kunu, a bi abin da likitansa ya faɗa. Tsoho ba ya saurin jin ƙishi, saboda haka a ajiye masa ruwa mai tsabta inda hannunsa zai kai. A kai abinci da zafinsa a cikin kula, domin dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi yana iya jawo gudawa, gudawa kuwa tana saurin kayar da tsoho da jariri.

Ga yara, cika ciki da tsurar koko ko garin rogo ba ya gina jiki. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne suka fi muhimmanci, kuma tsumburewar da ta kama yaro a lokacin da wuya ta gyaru. Don haka mai ciki da mai shayarwa suna cikin waɗanda za a ciyar. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida. Bayan haka ana iya yin garin kunun da ake kira Tom Brown: awo shida na masara ko gero ko dawa, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Zumuntar Mata za ta iya yin sa rana ɗaya a wata ta ƙulla a raba. A ƙara ƙwai, busasshen kifi, zogale da ɗan manja gwargwadon hali.

Masu hidima su san alamun tamowa: ramewa ƙwarai, gashi ya yi ja ya yi laushi, kumburin ƙafafu biyu, yaro ya ƙi cin abinci. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da wani tef mai launi, in ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaro a kai shi asibiti nan da nan. A yi masa addu'a a kan hanya, kada a tsaya gwada kunu a gida.

7. Tambayoyi uku da sukan taso

"Ba za mu koya wa mutane lalaci ba?" Gaskiya ne Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa game da masu ƙin aiki. Amma maganarsa a kan mai ƙarfin da ya ƙi ce. Tsohuwa mai shekara 80 da yaro ɗan shekara uku ba sa cikin wannan. Gwauruwa mai sauran ƙarfi kuwa, a ciyar da 'ya'yanta yau, a kuma taimake ta da jari ko sana'a domin gobe.

"Namu kaɗai za mu ciyar?" Galatiyawa 6:10 ta sa 'yan'uwa masu bi a gaba, amma ta fara da dukan mutane. Mun san ciwon da garin nan ya sha, mun san wuyar wannan magana. Amma mu tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, wanda a Yuni 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. In shi ya sa ransa domin namu, kwanon tuwo zai gagare mu ga tsohon da ba ya sujada tare da mu? Kada kuma a mai da abinci ƙugiya, a ce sai ka zo majami'armu za ka ci. Wanda ya tambayi dalilin alherinmu mu gaya masa da murna, wanda bai tambaya ba ya ci ya ƙoshi.

"Laifi ne mu ɗauki hoto?" Ubangiji ya koya mana a Matiyu 6 mu yi sadaka a asirce. Tsohon da ya yi shekaru yana ciyar da wasu ba ya so jikokinsa su gan shi a Facebook riƙe da ƙullin gari. A ba ikkilisiya lissafin mudu, a rufe sunayen masu karɓa. Mutuncin tsoho ya fi buhun shinkafa tsada.

Kammalawa

Tsohuwar nan da na ambata, gidaje bakwai ne suka raba kwanakinta bayan ziyararmu. Wata rana 'yata ta kai mata abinci ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo sai ta ce Kaka ce ta riƙe ta tana koya mata tsoffin waƙoƙin Zumunta waɗanda ba kowa yake tuna su yanzu ba. Mun je da kwano, mun dawo da abin da ba a sayarwa a kasuwa.

A Matiyu 25 Ubangiji ya nuna cewa a ranar shari'a zai ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci da marar lafiya a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Marar lafiyan nan ba ya zuwa wurinmu, mu ne muke zuwa wurinsa. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙaunatattu, akwai wata ƙofa a unguwarku da ba a ƙwanƙwasa ba tun makon jiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa aka tsallake gwaurayen masu jin Helenanci? Su wa suka yi kama da su a majami'armu?
2. Wane tsoho ne a danginmu da nauyinsa yake kanmu? Mun san abin da ya ci jiya?
3. Wane bambanci ne tsakanin rabon Kirsimeti da rabon da aka yi a Urushalima?
4. Ta yaya za mu taimaki mutum ba tare da mun kunyata shi ba?

Aikin wannan mako

Bayan addu'ar yamma, kowa a gida, har da yara, ya faɗi sunan tsoho ɗaya ko yaro ɗaya da ya san yana cikin bukata. Ku zaɓi gida ɗaya, ku sa rana, ku je tare. Ku ajiye kwanon tafi ɗaya kusa da murhu tun daga gobe.

Addu'a

Ya Uba, mai ciyar da dukan masu rai, ka gafarta mana domin waɗanda muka tsallake ba da saninmu ba. Ka buɗe idanunmu mu ga ɗakunan da wuta ta mutu a cikinsu, ka ƙarfafa ƙafafunmu mu kai gare su. Ka sa albarka a tukwanenmu domin su ishe mu da maƙwabtanmu, ka kuma ba Jos da dukan Filato salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.